Yadda Za Ka Haye Duwatsun Abzin da Hunturu Ka Dawo da Yatsunka Goma

Kai mai son zama madugu, matso kusa. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan tara ba ka tsallake ko ɗaya ba, za ka kai ayari duwatsun Abzin a tsakiyar hunturu, ka dawo Illela da yatsun ƙafarka goma cif, da dabino, da sabon gwado a kafaɗa. Yatsun sauran mutane ba su cikin alkawarin.

Ni ce Shafa'atu, wadda ake kira Bahaguwa, mai kaɗi a unguwar masaƙa. Ban taɓa hawa abin da ya fi rumbu tsawo ba, kuma ban san alif ba ko da ya kai girman taɓarya. Malam Isma'ila ke riƙe da alƙalami. Na gaya masa in ya sassauta kalma ɗaya don ladabi, mu haɗu gobe ƙiyama.

Ilimin ba nawa ba ne, na Madugu Maliki ne. Shi ya gwada shi bara a kan mutum goma sha uku da jakai ashirin, cikinsu har da ɗan farina. Ka san halinmu, uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta shiga maganarsa, ba ta nuna ta san yana duniya. Goggonsa, ƙanwar marigayi ubansa, ita ta yaye shi ta raine shi, saboda haka a takardar nan ɗan Goggo zan kira shi. Riƙe wannan da kyau. Maliki ma ya riƙe shi, shi ne babban jarinsa.

Mataki na ɗaya: Tashi lokacin da mai hankali ya zauna

Kada ka yi gaggawar fita da kaka, sa'ad da kowa ke fita. Jira. Jira har man shanu ya ƙi yatsa a cikin ƙwarya. Jira har ƙadangare ya daina fitowa sai hantsi, har tsofaffi su fara kallon butar alwala kamar sun ga maciji. In taurarin Kaza da 'ya'yanta sun kai tsakar sama tun mutane ba su gama tuwon dare ba, to lokacinka ya yi.

Wani mai tsawon tunani zai ce maka, in sanyi ya kai haka a Illela, inda ƙasa take shimfiɗe kamar faifai, yaya ke nan a bisa dutsen da tsuntsu ke hutawa sau biyu kafin ya kai kansa? Kada ka amsa. Ka ce masa hanya babu kowa, ba mai rigan ku zaɓar dabino.

Je wurin malami ya duba maka rana. In ya ce a dakata, yi masa godiya ka je wurin wani. Maliki sai a na huɗu ya dace.

Mataki na biyu: Raba mutane da bargunansu

Ran ɗaurin kaya, zagaya zango kana taɓa mangala. Duk inda ka ji laushi, sa a fito da shi. Gwado ɗaya na cin wurin fatar akuya ashirin, fata kuwa ita ke komawa dabino. Ka gyara rawani ka ce, tafiya ita ce bargon bafatake. Ban san inda Maliki ya samo wagga magana ba, amma ya faɗe ta kamar wanda ya gada, mutane sunka gyaɗa kai sunka mai da bargunansu gida.

Mutum ɗaya bai mayar ba. Ɗan Goggo ya ninka nasa ya sa ƙarƙashin akumarin jakinsa.

Gwadon nan ni na kaɗa zarensa. Wata huɗu ina abawa, har alli ya ci mini yatsa. Da yake da hagu nake juya mazari, zarena baya yake murɗawa, ba kamar na sauran mata ba. Lawal masaƙi ya karɓa yana tsaki, ya ce zaren Bahaguwa kamar mai shi yake, duk inda ka nufa da shi sai ya nufi wani wuri. Ya dai saƙa, mai kauri, fari da baƙin layi. Na ba Goggo na ce ta ba ɗanta, kuma ta gaya masa ita ta saya. Ya karɓa ya shafa bakin zaren da babban yatsa. Bai yi mini godiya ba, ni ma ban tambaya ko ya yi masa ba. Haka ake yi.

Mataki na uku: Kada ka saurari 'yan wurin

Za ku wuce Konni, ku ratsa Adar, ku yi kwanaki kuna tafiya arewa, sanyi na ƙaruwa kamar ana zuba shi da ludayi. A gindin duwatsun za ka iske Abzinawa sun sauko da dabbobinsu sun kafa bukkoki a kwari. Kada ka tambayi mi ya sauko da mutanen da anka haifa a bisa dutse. Ka ce ragwanci ne.

Su Maliki wata tsohuwa mai awaki sunka iske. Hausarta guntu-guntu ce, amma ta isa. Ta ce su bi kwari su kewaye dutsen, kwana uku ne kawai ƙari. Ta ce in sun nace sai sun hau, to kada su kwana a ƙoƙon dutse, kada su kwana a tsololuwa, su nemi gefe inda dutse ya kare musu iska. Ta ce kuma daga la'asar kada kowa ya bari ruwa ya taɓa masa tufa.

Abu uku ta faɗa. In ka samu irin wannan, ka ƙirga su da kyau, don kada ka manta ka bar ɗaya ba ka karya ba.

Maliki ya yi dariya ya ce tun da yake bai taɓa jin ayarin da mai tatsar akuya ta ja ba. Jakai ma sun ba da tasu shawara, sun kafe a bakin hawa sun kwantar da kunne. Jaki ba ya ƙarya a kan hanya, shi ya sa Allah ya halicci tsumagiya.

Mataki na huɗu: Sa su yi gumi, sannan ka miƙa su ga iska

Rana a can gajera ce, kamar haƙurin mai jego. Saboda haka kada ka fara hawa da sassafe. Tsaya a gyara kaya, a dama fura, ka ba da labarin tafiyarka ta Gwanja wadda ba wanda ya shaida. In rana ta take, sai ka ce a yi sauri.

Sauri a hawan dutse na kawo gumi. Riga za ta jiƙe ta manne a baya, mutane su ce ashe madugu ya yi gaskiya, ina amfanin bargo. Karɓi yabonka a nan, don ba za ka ƙara jin sa ba.

Da kun kai sama za ku gamu da iska. Ba irin tamu ba ce da ke sallama a bakin zaure. Wannan ba ta san gari ba, ba ta san bango ba, ba itacen da ya taɓa ce mata dakata. Takan shiga ta wuyan riga ta fita ta ƙafar wando, ta mai da gumin nan wuƙa. Za ka ga manyan maza masu gemu suna rawar ɗari, haƙora na bugun juna kamar ana kaɗa ƙwarya a gidan suna.

To sai ka hango wani ƙoƙo a tsakanin duwatsu, ga ruwa kwance a gurbinsa, ga shi iska ba ta kai can sosai. Ka nuna da sanda ka ce nan ne zango. Abin da tsohuwa ta sani, kai ba ka buƙatar sani, shi ne sanyi ɗan'uwan ruwa ne, gangarowa yake ya taru a rami. Wanda ya kwana a ƙoƙon dutse, a cikin tukunyarsa ya kwana.

Mataki na biyar: Nemo wanda ba ya musu

Kowane ayari yana da shi. Mutum mai ƙarfi, mai kunya, wanda in babba ya yi magana yake kallon ƙasa. Tun a gida za ka zaɓe shi. In ubansa ya rasu, madalla. In ɗan fari ne, ka yi sujada.

Abin da zan faɗa daga nan ban ji shi a bakin ɗan Goggo ba, ai ba zai zauna ya ba ni labari ba. Ya gaya wa matarsa Kubra, Kubra ta gaya wa Goggo, Goggo ta zo ta faɗa wa bangon ɗakina ina zaune.

Wajen gangarawa ƙoƙon, rana ta yi ja, jakin madugu ya zame a kan santsin dutse. Mangala ta kwance ta faɗa gurbin ruwan, cike da jar fata. Maliki ya dubi mutanensa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sami abin dubawa a takalminsa. Sai ya kira ɗan Goggo.

Ya shiga. Ruwan bai wuce cinya ba, amma ya ce da ya taka ji ya yi kamar an sare shi da gatari. Sau uku yana komawa kafin ya kwashe fatun. Ya fito wando na ɗiga, ba wani wandon, ba wata rigar, don madugu ya ce a rage kaya. Itace kuwa a bisa dutse sai ɗan abin da anka tsinto, wuta kamar ta mai gasa gyaɗa, mutum goma sha huɗu a kanta. Ya je wurin jakinsa ya ɗaga akumari ya zaro gwado.

Nan gwanintarka za ta bayyana. Kada ka yi faɗa don ya saɓa umarni. Ka matso ka shafa gwadon, ka yabi kaurinsa. Maliki cewa ya yi:

"Ɗana, ara mini wanga. Ni ne zan zauna gadi, kai ka kwanta tsakiyar mutane ka sha ɗumi. In madugu ya faɗi, ayari ya faɗi."

Madugu uban tafiya ne, wa ke hana ubansa mayafi? Ya miƙa da hannu biyu. Bai sami tsakiyar mutane ba, don ba mai son jiƙaƙƙe a jikinsa. Ya kwanta a baki-baki. Gadin kuwa an yi shi, duk dutsen ya ji minsharinsa.

Mataki na shida: In ƙafa ta mutu, kai ta wuta

Da asuba za ka ga abubuwan da in ka faɗa a Illela za a ce ka taɓu. Salkar ruwa ta sandare, in ka buga ta tana amsawa kamar turmi. Ruwan gurbi ya yi fata, ka jefa tsakuwa ta zauna a kai. Raɓa ta daskare a kan duwatsu ta zama santsi, jaki ya taka ya durƙusa ba tare da niyyar salla ba. Su Maliki taimama sunka yi, ga ruwa a gabansu ya koma dutse.

Duba mutanenka. Mai rawar ɗari lafiyarsa ƙalau, ƙyale shi. Wanda ya daina rawar, yana murmushi, yana magana kamar mai barci, yana cewa shi zafi yake ji, shi ne sanyi ya gama da shi. Haka anka iske ɗan Goggo, yana gaisawa da ubansa da ya shekara tara a ƙasa. Wandonsa ya tsaya kamar busasshiyar fata. Yatsun ƙafarsa sun yi fari kamar alli, an matsa bai ji ba.

Abzinawa, in haka ta faru, sukan sa ƙafar mutum a cikin rigarsu a kan fatar ciki, ta farfaɗo sannu a hankali. Wannan na cin rabin yini, kuma cikinka zai yi sanyi. Kai madugu ne, yi abin da ya fi sauri. Sa mutum biyu su kama ƙafar su kara ta a garwashi. Tun da ba ya ji, ba zai janye ba. Tun da bai janye ba, ka ce magani na karɓa.

Sai da ƙauri ya tashi sannan wani ya ce, anya, madugu?

Mataki na bakwai: Bar masa alkawari, ya fi bargo sauƙin ɗauka

Yanzu kana da mutum wanda ba ya iya taka ƙasa. Kana da jakai ashirin, kowanne zai iya ɗaukarsa, in an sauke fata. Kada ka bari tunaninka ya kai ƙarshen wannan maganar.

Tara jama'a ka yi musu lissafin gaskiya: in an tsaya a nan wani kwana, duka za a mutu, in an ɗora shi a jaki, a gangaren nan mai santsi zai faɗo. Ka ce da kun sauka za ka aiko da raƙumi. Ka tabbata kowa ya ce to da bakinsa. Wannan "to" ɗin ita ce igiyar da za ta ɗaure musu harshe har gida.

Jingina shi da dutse, ajiye masa salkar da ba ta shayuwa da dunƙulen fura biyu. Yi masa addu'a mai tsawo. Kada ka mai da gwado, ai ba ka gama ara ba.

Ɗan Goggo ya ce yana zaune yana kallon layin gwadon, fari da baƙi, yana ƙanƙancewa a gangare har ya ɓace. Ya ce ba tafiyarsu ta fi ci masa rai ba, tunanin mi zai ce wa Goggo ta ce wa wadda ta kaɗa.

Raƙumi bai zo ba. Awaki ne sunka zo. Tsohuwar nan ta ga hayaƙinsu a ƙoƙon dutse tun daga ƙasa, ta san abin da za ta tarar, ta biyo sawu da danginta. Sunka sauko da shi, sunka kwantar da shi tsakanin awaki. Yatsu huɗu sun yi baƙi sun faɗi, uku a dama, ɗaya a hagu. Wata biyar yana bukkarta kafin ya iya bin wani ayari.

Mataki na takwas: Riga shi isowa gida

Wanda ya fara ba da labari shi ne mai gaskiya har a gaji. Da kun shigo gari, tun ba a sauke kaya ba, ka ɓata fuska. Zaɓi labarin da mutane za su so maimaitawa. Mutuwa ba ta da daɗi, za a yi ta tambaya. Maliki cewa ya yi ɗan Goggo ko dutsen bai hau ba. Wai tun a gindi ya ga wata Ba'abzina mai dogon wuya, ya ji tsoron sanyi, ya naɗe gwadonsa ya bi ta.

Mutum goma sha biyu sunka ji, sunka dubi takalmansu.

Kubra ta daina zuwa rijiya sai rana ta take, lokacin da ba kowa. Goggo ta je wurin Maliki sau biyu, ya ba ta dabino ya ce ta yi haƙuri, ɗan yau ne. Ni kuwa mata na zuwa su zauna kusa da ni su yi zancen da ƙarfi, suna satar kallona. Na ci gaba da kaɗi. Zaren watannin nan ko tsumma bai saƙu da shi ba.

Da bazara ya dawo, yana dogara sanda, yana tafiya kamar agwagwa. Kada hankalinka ya tashi. Labarinka ya riga ya yi jijiya. Ka ce dangin matar ne sunka yi masa haka, alhakin Kubra ne. Gari ya sa masa suna Angon Abzin. Ba mai ɗaukarsa tafiya, ba mai ba shi ajiya, a masallaci sahu na matsawa. Shi kuwa, irin ubansa, sai ya ce Allah na gani. Na san Allah na gani. Mutanen Illela ne ba su gani, kuma a cikinsu 'ya'yansa za su yi aure.

Ka lissafa daidai: uba babu, Goggo an rufe bakinta da dabino, shi ba ya magana, uwa kuwa kunya ta ɗinke ta. Kwanta ka yi barci.

Mataki na tara: Rina gwadon, ka yafa shi ran kasuwa

Gwado mai kauri ba abin yarwa ba ne. Kai shi marina a tsoma shi a baba har layin ya ɓace. Ka jira hunturu ya dawo, ka yafa, ka tsaya a tsakar kasuwa kana tara sabon ayari.

Na je sayen abduga na ga gwadon a kafaɗar Maliki. Baƙi wuluk, ba layi, ba alama. Har na wuce, sai na ga bakinsa ya fara zarewa, zare ɗaya na lilo a bayan gwiwarsa. Na sunkuya kamar zan gyara takalmi, na kama, na murza. Ya kwance ta inda zaren kowa ke ɗaurewa.

Ban sake shi ba. Maliki ya juyo ya ce, "Inna, lafiya?" Na ce lafiya lau, zarena nake bi, ina so in ga inda ya tsaya. Haka munka tafi har zauren alkali, shi a gaba, ni a baya riƙe da bakin gwado kamar mai jan ɗan maraƙi, rabin kasuwa na biye.

Alkali ya sa anka kira Lawal masaƙi. Ya zare zare ɗaya ya ɗaga a haske, ya yi tsakin nan nasa. Ya ce baba na ɓoye launi, ba ya juya murɗi, kuma daga nan har Darna mace ɗaya ce ke kaɗa irin wagga masifa. Ya ce shi ya saƙa, bai manta ba, don har yau kafaɗarsa na tuna masa.

Maliki bai girgiza ba. Ya ce to, in zarenta ne sai mi? Mai kaɗi na sayar wa kowa. Alkali ya juyo gare ni ya ce, wa kinka yi wa shi? Na ce ɗan Goggo. Maliki ya yi murmushi ya ce, Allah gafarta malam, Goggo 'ya'ya biyar ta raina, a tambaye ta wane. Ya san abin da yake yi. Alkali ya ce shari'a ba ta tsayuwa a kan wane da wance, sai da suna.

Na ga Goggo a bakin ƙofa tana girgiza mini kai. Na ga ƙafa mai yatsu biyu a bayan mutane, ban ɗaga ido na ga mai ita ba. Shekara talatin da biyu sunan nan na bakina, ko a mafarki ban bari ya fita ba. Na ce:

"Attahiru. Ɗana ne, ni na haife shi, shi na kaɗa wa. In ya gudu da gwadonsa tun a gindin dutse, madugu ya gaya mana wane aljani ya kawo masa shi."

Mata sunka rufe baki. Wata ta ce Bahaguwa ta zubar da kunya a gaban maza. Amma ɗaya daga cikin fataken nan goma sha biyu, cikin biyun da sunka riƙe ƙafar a garwashi, ya fashe da kuka kamar yaro, ya faɗi komai, har ƙaurin. Da ɗaya ya tsage, saura sunka biyo.

Alkali ya sa Maliki ya tuɓe gwado nan take, ya sa ya tsaya a tsakar kasuwa ya janye maganar Ba'abzina da bakinsa sau uku. Ranar da sanyi. Na tsaya na kalli rawar ɗarinsa har ya gama, ban taɓa ganin rawa mai kyau irinta ba.

Ya kwana biyu ya bar gari. Yanzu na ji yana wani zango can gaba yana tara mutane, wai tafiya ita ce bargon bafatake. Shi ya sa na sa anka rubuta wannan. Duk mai iya karatu da ya same ta, ya karanta da ƙarfi a inda fatake ke ɗaurin kaya.

Ba ruwana

Wanda ya bi matakan nan, shi da abin da ya tarar. In iska ta yanke maka kunne, in jakinka ya fi ka hankali ya koma gida, in ka wayi gari kai ne a jingine da dutse kana jiran raƙumi, kada a zo ƙofata. Malam Isma'ila ma ya ce in faɗa ba ruwansa, tawada kawai ya bayar. Na yi maka alkawarin yatsu goma, ban yi maka alkawarin fuskar shiga kasuwa ba. Kuma kafin ka ari mayafin mutum, ka tambaya da wane hannu uwarsa ke kaɗi.

Masu cewa na zubar da kunya, su zo su kwashe, tana nan zauren alkali. Sau ɗaya na faɗi sunan a can, sau ɗaya a nan don Malam ya rubuta, ba kuma za a ƙara ji ba. Gwadon na wanke, na ɗinke bakinsa, na ba Goggo na ce ta ba ɗanta.

Ta ce in ce wa ya aiko? Na ce ki ce ke kinka saya.